Gwadabe Wanzami da Tsakuwar da Bai Yarda da Ita Ba

Jama'ar Ƙofar Mazugal da kewaye, masu tafiya a ƙasa da waɗanda adaidaita ta zubar a bakin titi, a gyara zama, a rage rediyo! Ga Gwadabe, wanzami ɗan wanzami jikan wanzami, mai askar da ta bi ta kan rabin unguwa, sarkin dakalin da ba wanda ya naɗa shi kuma ba mai iya sauke shi. Ga mutumin da, in ka cire abin da ya shafi Allah da Annabinsa, ba a taɓa jin ya ce "na yarda" ba tun da ya yi wayo.

Ni Nura ne, jikansa, ɗan 'yarsa Hauwa. Kaf gidan ni kaɗai ke iya gaya masa magana in kwana lafiya, don wasan jika da kaka ba a kai shi gaban alƙali. Ina ce masa Tsoho, yana ce min ja'iri. Matarsa 'Yardada kuwa maigida take kirana, wai ni ne mijin, shi riƙo kawai yake yi min.

In ka ce wa Tsoho ana ruwa, sai ya miƙa hannu waje daga cikin soro. In hannun ya jiƙe, sai ya leƙa sama ya ga ko wani ne ke wanki a kan bene. Ba ya shan fiya wata, wai bai ga rijiyar ba. Ruwan randar 'Yardada kaɗai yake sha, ita kuwa randar tana can ƙuryar gida, shi yana bakin titi tun hantsi har la'asar sakaliya a tsakiyar zafin Kano, yana aski, yana gyaran fuska, yana kafa ƙaho. Sai ya wuni bai kurɓi komai ba in ban da abin da ya taɓa bakinsa wajen alwala.

Kuma yana da doka a sana'arsa, wadda ya ce a wajen ubansa ya gada tare da zabira. Duk abin da ya cire a jikin mutum sai ya nuna masa. In ƙaho ya yi maka, zai juye jinin a kasko ya kawo maka har hanci, ko kana so ko ba ka so. A da, lokacin da ake kawo masa jarirai cirar beli, sai ya ɗora ɗan naman a tafin hannu ya zagaya da shi gaban uba da kawu da maƙwabci. Har gashin da ya aske maka sai ka kalle shi kafin a share.

Asalin rashin yardar nan yana da tarihi, kuma duk wanda ya taɓa zama a gabansa ya ji shi, don ba ka da damar guduwa aska na kan maƙogwaronka. Yana saurayi wani baƙo ya sauka a bakin ƙofa, ana ce masa Mai Tsotso. Mai ciwon ciki zai kwanta, mutumin ya kafa baki a cikin nasa ya yi ta tsotso yana gurnani, can sai ya tofar da tsakuwa ƙwal a cikin tasa, ya ce jifa aka yi masa. Gari ya ɗauka. Gwadabe ya bi shi wata safiya har bayan badala, ya same shi a tsugune yana zaɓar tsakuwa, yana wankewa, yana jerawa a kumatu. Da rana ta yi, taro ya cika, Gwadabe ya ratsa ya kama masa muƙamuƙi irin kamun da wanzami ke yi wa mai cirar haƙori, ya matse. Tsakuwa ta zubo kamar an ɓare gyaɗa. Mutumin ya bar Kano ko tasarsa bai ɗauka ba. Tasar ce har yau Tsoho ke zuba ruwan aski a ciki.

To wannan mutumin ne ciwo ya kama bara.

Yana cikin yi wa Malam Haruna mai goro ƙwal-kwabo, an ci rabin kai, sai ya ajiye aska a hankali, ya dafe kwiɓinsa na dama, ya zame daga kan dakali. Na tarar da shi yana murƙususu a kan tabarma, gumi kamar an watsa masa ruwa, Malam Haruna na tsaye a kansa da rabin kai yana salati. Ya ce ciwon daga baya yake tasowa ya soko har mara, kamar ana zare masa igiya mai ƙaya.

Asibiti? Ya ce sanyi ne. Ya sa wani abokin sana'arsa ya kafa masa ƙaho a bayan, ya sha jiƙo, ya sha kanwa. Ciwon ya lafa, ya dawo da abokansa, amai da fitsari ja. Ranar da ya kasa tsayuwar sallah, uwata ta tare adaidaita, muka ɗauke shi cak, yana zagina tun daga lungu har bakin asibiti.

Aka yi masa allura, aka ɗauki hoton ciki. Likitan wani dogo ne mai sanyin magana, Dakta Abdulbaqi. Ya juyo mana da hoton ya sa biro a kan wani farin ɗigo.

"Baba, tsakuwa ce."

Tsoho ya ƙura wa ɗigon ido. Duk da azabar da yake ciki, wallahi sai da na ga murmushi a gefen bakinsa. Ya juyo ya kalle ni.

"Ja'iri, ka ji? Tsakuwa." Ya koma kan likita. "Ɗan nan, a danginku akwai wani mai tsotso?"

Likita bai gane ba, ya ci gaba da bayani. Ya ce tsakuwar a ƙoda ta taru, ta gangaro ta maƙale a siririn bututun da ke kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara. Ta yi girman da ba za ta wuce da kanta ba. Fitsari ya taru a bayanta, ƙodar ta kumbura, in aka bar ta haka za ta lalace, kuma ƙodar da ta mutu ba ta dawowa.

Tsoho ya harari 'Yardada. "In ma akwai ta, a wakenki na ci."

"A wakena?" Ta gyara mayafi. "Tun kana da haƙora nake tsince maka wake, ka taɓa tauna tsakuwa? Likita, gaya masa."

Likita ya ce ba irin ta abinci ba ce. Gishiri-gishirin da ke cikin fitsari ne ke daskarewa in mutum ba ya shan ruwa sosai, musamman mai wuni a rana. 'Yardada ta ce, "Yawwa," ta kalli bango.

"To ta ina za ku yanka?" in ji Tsoho.

"Babu yanka, Baba."

"Babu yanka. To ta ina za ta fito?"

"Ta inda fitsari ke fitowa."

Nan 'Yardada da uwata suka tuna sun bar wani abu a waje. Likita ya ce akwai wani siririn ƙarfe mai ido da fitila a kansa, za a zura shi ta hanyar fitsari, ya wuce mafitsara, ya hau bututun har ya iske tsakuwar. Ta cikinsa za a tura wata waya mai fitar da haske mai ƙarfi da suke kira leza, ta farfasa ta, sannan a kwaso ɓaraguzan da wani ɗan mitsitsin kwando.

"Kwando," in ji Tsoho. "A cikina. Da fitila." Ya gyaɗa kai irin na wanda ya gama gane komai.

Kada wani ya ce hujjar likita ce ta sa ya amince. Ciwon ne. Allurar na sakinsa ya dawo masa sabo, ya ce a yi duk abin da za a yi. Amma kafin a shiga da shi ya jawo wuyan rigata.

"Fita harabar nan ka ɗebo min tsakuwa. Ta bakin ƙofa, ta bayan gini, ta jikin katanga. Kada kowa ya gan ka."

"Tsoho, gini za ka yi a ciki?"

"Zan gwada da wadda za su ba ni. Tafi, marar kunya."

Haka na yi ta sunkuye-sunkuye a harabar asibiti, maigadi na bina da ido, na ƙulle masa a hankici ya tura ƙarƙashin matashi.

Ban shiga ɗakin tiyata ba, daga bakinsa na ji. Allura aka yi masa a gadon baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, amma idonsa biyu. Likita ya sa aka juyo masa da talabijin ɗin da suke kallo. Ya ce ya ga wani jan rami mai santsi, can a ƙarshensa wani dunƙule mai ƙaya-ƙaya ya toshe hanya. Wayar ta matso ta taɓa shi, yana ƙyas-ƙyas, gari na tashi kamar an kaɗa kamu a ruwa, dunƙulen na rabewa. Kwandon ma ya gan shi, ya buɗe ya cafki guntu ya ja da baya.

"To alhamdulillahi," na ce, "ka gani da idonka."

"Na ga fim."

"Cikinka ne fa, Tsoho!"

"Da me zan gane cikina ne? Na taɓa shiga?"

Nas ta kawo ɓaraguzan a 'yar kwalba, ruwan ƙasa, kamar an daka ƙuli-ƙuli bai yi laushi ba. Muna komawa gida ya sa aka ɗauko tasar Mai Tsotso, ya juye su gefe guda, ya kwance hankicina a ɗaya gefen, ya sa tabarau. Ya daɗe yana juyawa da tsinke. Ba wadda ta yi kama da wata.

"Ka gani," na ce.

"Wanda ya iya ba a ƙofar gidansa yake tsinta ba. Wancan ma bayan badala yake zuwa."

Sannan ya tuɓe riga ya ba ni madubin aski in riƙe masa ta baya. Ya laluba ciki, ya laluba kwiɓi, ya laluba mara. Babu tsaga, babu ɗinki, sai ɗan filasta a inda aka yi allura. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana barin tabo a jikin mutane don a san an yi aiki, aka ce an yi masa aiki babu tabo. Da na tuna masa cewa ciwon dai ya tafi, sai ya ce jiƙon ne ya kama aiki a makare.

Da a nan maganar ta tsaya da mun bar shi da abinsa. Amma kafin a sallame mu likita ya faɗa mana, a gabansa, cewa ya bar wata siririyar roba a cikin bututun, daga ƙoda har mafitsara, don kada hanyar ta kumbura ta toshe kafin ta warke. Ya ce bayan 'yan makonni a dawo a zare ta, kuma kada a yi wasa da wannan.

Lokacin ya zo, Tsoho ya ce ba inda za shi.

"Saura ɗaya," ya ce. "Haka wancan ma yake cewa. Ya tofar da biyu, ya ce saura ɗaya a ciki ba ta nuna ba, a dawo. Ba a huda ni ba, ta ina roba ta shiga ta zauna?"

"Ta inda fitilar ta shiga."

"Ka ga shigar fitilar?"

Lokaci ya wuce, ya ƙara wucewa. Likita ya yi ta kiran wayata. Ya ce in na taɓa leƙa gindin butar mai shayi na ga farin abin da ke kamawa, to haka tsakuwa ke taruwa a jikin robar. In ta daɗe za ta manne, ta toshe, a lokacin ba zarewa za a yi ba, babban aiki ne, kuma ƙodar da aka ceto tana iya tafiya. Shi kuwa Tsoho ga shi nan, bini-bini ya bar mutum da kumfa a fuska ya ɗauki buta, ya dawo yana ciza leɓe yana dafe kwiɓi. Ka tambaye shi ya ce sanyi ne.

Na rantse masa, ya ce ni ma gaya min aka yi. Na nuna masa bidiyon irin aikin a waya, ya ce, "Wani fim ɗin." Uwata ta yi kuka, ya ce ta yi haƙuri. Liman ya yi masa magana bayan azahar, ya ce to, ya dawo ya ce min liman ma bai ga robar ba. Gaskiya a lokacin wasa ya fara fita daga bakina, don na ga tsohon yana ramewa.

Wata ranar Juma'a da hantsi, yana ɗaka a kwance, ni da 'Yardada muna tsakar gida tana tsintar wake a faifai. Na fara yi mata ƙorafi a hankali, sai ta amsa da muryar da har maƙwabta za su ji.

"Maigida, ƙyale shi. Tsufa ne, ba laifinsa ba ne."

"Amarya, wane irin in ƙyale shi?"

"Wanda na aura, da ya ji mai tsakuwa ya shigo gari, bin sa yake har bayan badala. Yanzu ga wani ya samu farar riga ya zauna yana yi wa bayin Allah son ransa, shi kuwa yana ɗaka yana ba da labarin na da." Ta watsar da wata tsakuwa gefe. "Ba ka ce wannan karon babu allurar baya ba? Ido biyu, jiki biyu?"

"Haka likita ya ce."

"To ka gani. In babu roba, a gabansa za a neme ta a rasa, ya kama shi hannu dumu-dumu. Amma ina. Wannan sai Gwadaben da."

Can muka ji gyaran murya daga ɗaka.

"Ja'iri."

"Na'am, Tsoho."

"Kira shi. Amma da sharaɗi."

Sharuɗɗan na karanta wa likita a waya, ina jin kunya kamar in nutse. Zai naɗe hannun riga har gwiwar hannu. Za a nuna farantin kayan aiki kafin a fara. Ni zan tsaya a ciki in zama shaida. Na ƙarshen ne na yi ta kewaye-kewaye kafin in faɗa: zai buɗe baki a duba kumatunsa. Sai da na ba shi labarin Mai Tsotso tun daga farko. Ya yi dariya har da tari, ya ce mu zo, in dai Baba zai kwanta, ko takalmi ne ya cire.

Aka sa min hula da riga irin tasu, aka tsayar da ni ta wajen kan Tsoho. Likita ya naɗe hannu, ya juya tafuka, ya nuna faranti. Sannan ya sauke takunkumin fuska ya sunkuyo ya buɗe baki. Tsoho ya karɓi wayata ya haska.

"Ɗaga harshe."

Ya ɗaga.

"Wancan kuncin." Ya duba, ya sake dubawa. "Babu komai. Amma belinka ya yi tsawo, iyayenka sun yi sakaci."

Nas ta juya baya kafaɗunta na rawa. Likita ya je ya sake wanke hannu, ya sa safar hannu, aka rufe Tsoho da ƙyalle, aka shafa masa maganin kashe zafi, aka fara. Ni dai silin nake kallo. Tsoho ya riƙe min wuyan hannu, idonsa ƙur a kan hannuwan likita, ko ƙiftawa ba ya yi. Bai kalli talabijin ba ko sau ɗaya.

Sai na ji riƙon ya ƙara ƙarfi.

"Innalillahi. Nura." Rabon da ya kira sunana na gaskiya har na manta. "Nura, wani abu na tafiya a cikina. Daga nan." Ya ɗora ɗaya hannun a kwiɓi, daidai inda ciwon ya fara. "Ga shi nan yana sauka."

Kafin ya rufe baki ta fito. Siririya kamar taliya, ta fi taƙi ɗaya tsawo, kowane kai a naɗe kamar ƙahon rago. Likita ya shimfiɗa ta a kan auduga ya kawo masa har gaban ido, yadda shi Tsoho ke kawo wa mutane kasko. Jikinta duk yashi-yashi ya fara kamawa, ƙarshen ma ya yi ɓawo.

"Baba, ka ga wannan? Da an ƙara jinkiri, da ba ta fito ta daɗi haka ba."

Tsoho ya ce a sa masa ita a leda. Ya murza yashin ta bayan ledar, ya ɗaga ta wajen fitila. Ruwan ƙasa ne, irin na cikin kwalbar nan sak. Na gani, ya ga na gani. Ya tura ledar a aljihu. Aka sake ɗaukar hoto, likita ya ce kumburin ƙodar ya sauka, hanya a buɗe take, sai dai a dage da shan ruwa.

Yanzu ya koma dakalinsa. Gefen zabira akwai jarka da 'Yardada ke cika masa daga randa kowace safiya, yana sha yana cewa don maƙogwaro ne. Kwalbar da ledar suna cikin zabira tare da asake. Labarin Mai Tsotso yana nan ana yi wa masu aski, sai dai na lura in ya zo wajen "saura ɗaya" yana ɗan yin sauri.

Shekaranjiya na same shi yana wasa aska, ba kowa a gabansa. Na cire hula, na ɗaga hannu sama kamar maroƙi.

"Gwadabe na 'Yardada! Mai kama mai tsotso, mai duba bakin likita! Wanda aka shiga cikinsa da fitila da kwando aka fito ba a fasa ƙofa ba! Tsoho, tarihinka zan rubuta duniya ta karanta. Abu ɗaya ya rage in sa a ƙarshe. Faɗa min da bakinka, yau dai ka yarda an cire maka tsakuwa?"

Ya gwada kaifin askar a gashin hannunsa, ya kurɓi ruwa, bai ko ɗago ba.

"Robar tawa ce, na ji fitarta. Tsakuwar ban ga shigarta ba. Matsa, ka tare min haske."